Ranar Da Na Shafa Wa Firinta Mai

Duk wanda ya ce muku ban yi karatu ba, ku tambaye shi ko ya taɓa yin wata goma sha huɗu a makarantar koyon sana'a. Ni na yi. Da ma shekara uku ake yi, amma kaina yana da saurin ɗauka, shugaban makarantar kuma bai san wasa ba. Don kawai na haɗa ƙararrawar tashi da makunnin fitilar bayinsa, duk lokacin da ya shiga ya kunna sai ɗalibai su kwashi jakunkuna su watse, shi ke nan ya ce in tattara nawa in bi su.

A gida ana ce min Saura-Ɗaya, wai duk abin da na kwance na ɗaura sai noti ɗaya ya ragu a hannuna. Ni kuwa a wurina wannan shaida ce cewa na fi masu ƙera kayan iya tattali.

Mijin yayata yana da ɗan kamfanin zane da gine-gine, ɗaki uku a saman bene, a ƙasa akwai shagon tela da na mai aski. Yaya ce ta matsa masa har ya ɗauke ni masinja. A gida ina ce masa Yaya Babba, a ofis kuwa Yallaɓai. Bayan abin da ya faru da fankarsa, wadda na gyara ta koma hura iska sama, da kuma makullin ƙofa da ya rufe mu ciki rabin yini, ya kira ni ya ce, “Aikinka kai takarda ne da kawo takarda. Ranar da ka sake taɓa wani abu mai waya ko mai noti a ofis ɗin nan, ranar za ka koma gida. Yayarka ma ta yarda.”

Na ce to. Amma mutum irina ai ba a ɓoye shi cikin ambulan. Na yanke shawarar buɗe kamfanina na gyaran na'urori, kuma kamfani ba ya tashi sai da talla.

Ran nan na zo tun ƙarfe bakwai na safe, tunda makulli yana hannuna. Na zauna a kujerar Yallaɓai, na maƙala tabaransa da ya manta, na jingina waya da kofin biro na ɗauki hoto. Wallahi da kun gan ni, da kun miƙe tsaye. Na hau kwamfutar Anti, wato sakatariyarmu, na tsara talla, hoto a tsakiya, rubutu sama da ƙasa. Takardar ofis ta yi min laushi, talla kuwa yana son abu mai kauri, don haka na yanko kwalin sabuwar riga na cusa a firinta.

Firintar tamu irin mai fesa tawada ce, ƙarama, tana jan takarda daga tiren da ke ƙasanta. Na danna. Ta ja kwalin, ta yi ƙuuu, ta buga rabin kaina, ta tsaya. Na sake dannawa. Shiru. Na ce da ni kike zancen. Na yi ta danna mata umarni har sai da yatsana ya gaji, a ƙalla sau talatin. Da na ga taurin kai ne, na kama bakin kwalin na fizgo. Ya fito, amma ba duka ba. Na leƙa, ban ga komai ba. Na kashe ta, na rufa mata ƙyallenta, na ɗauki tsumma na hau goge taga kamar mutumin kirki.

Ƙarfe tara Yallaɓai ya shigo cikin baƙar kwat ɗinsa ta manyan ranaku, yana tafe yana duba agogo.

“Anti, shafi arba'in da biyu ne. Ƙarfe biyu daidai suke rufe karɓar takardun neman kwangilar nan. Wata uku muna wannan aiki. Buga min yanzu in sa hannu.”

Anti ta kunna, ta danna. Firinta ta yi ƙuuu, ƙaƙaƙaƙ, ta kunna jar fitila.

“Yallaɓai, ba ta jan takarda.”

“Jiya fa lafiyarta lau.”

Na ƙara himma a kan taga.

Anti ta kira mai gyara, ya ce ya yi tafiya, sai gobe. Ta ce ko a kai shagon buga takardu na bakin titi. Yallaɓai ya ce, “Shagon wa? Na ƙanin wanda muke takara da shi? In kai masa sirrinmu ya karanta kafin ya buga?” Ya tsaya yana kallon firinta, gumi yana bin sanƙonsa.

A nan ne basira ta zo min. Na ce a raina, cutar nan ni na san ta. In na ciro guntun kwali a asirce, na ɓoye laifi, na kuma ceci kwangila. Daga masinja sai shugaban sashe.

Na yi gyaran murya. “Yallaɓai, da a ce ba a ɗaure min hannu ba, wannan aikin minti biyar ne.”

“Kai, rufa min baki.”

“Na rufe. Amma a makaranta irin wannan muke karyawa da ita da safe.”

Anti ta ce, “Wace makarantar? Wadda aka raka ka har bakin ƙofa?”

“Anti, rakiya ai sai manya.”

Yallaɓai ya dubi agogo, ya dube ni, ya dubi rufi kamar mai neman gafara. Ya ce, “Minti biyar. Ba kwancewa. Dubawa kawai.” Ya shige ɗakinsa ya hau kiran waya.

Yana rufe ƙofa na zaro sukundireba daga safa. Anti ta ce, “Ba ka ji an ce ba kwancewa ba?” Na ce, “Likita yana duba ciki ta kan riga?” Na kwance noti goma sha ɗaya, na ɗaga murfi, na zura hannu har wuyansa. Babu kwali. Na haska da waya. Babu kwali. Sai wasu 'yan tayoyin roba guda biyu masu jan takarda, suna kallona.

Duk da haka na yi ta maza. Na juya tayoyin da yatsa na ji sun cije. Na ce, “Anti, na gano. A bushe suke. Duk abin da yake juyawa a duniyar nan mai yake so. Keke, babur, injin niƙa, har gwiwar tsoho.”

Na sauka wurin Tela. Yana ɗinki bai ɗago ba.

“Maigida, aron man keke.”

“Me za ka kashe yau?”

“Rai zan ceto.”

Ya miƙo kwalbar, ya cire ƙafa daga keke, ya biyo ni. Wai shi dai bai taɓa ganin yadda ake yi wa na'ura jana'iza ba.

Na ɗiga wa kowace taya ɗigo uku. Da na tuna girman kwangilar, na ƙara bakwai-bakwai. Na ce Anti ta danna.

Ai kuwa ƙarar ta ɗauke. Tayoyi suka hau gudu sumul, suuuu, ba ko gargada. Na buga ƙirji na ce, “Kun ji murya?”

Tela ya ce, “Murya kam ta yi daɗi. Ina takardar?”

Takarda tana kwance a tire ko motsi ba ta yi ba. Tayoyin suna ta sulɓi a bayanta, sun bar mata layi biyu na mai kamar sawun katantanwa.

Anti ta dafe kai. “Da can tana ɗan ja, yanzu ko gaisawa ba sa yi!”

“Matakin farko ke nan,” na ce. “Sai an saki jijiya kafin a ɗaure ta. Yanzu abin da zai tsotse man muke so.”

Na sauka wurin mai aski. Yana tsakiyar yi wa wani mutum gyaran fuska. Na ce ya ara min hoda. Ya ce ta me? Tela ya leƙo daga saman bene ya ce, “Taho ka gani da idonka, ba a ba da labarin wannan.” Mai aski ya taho da gwangwanin hoda, mutumin da ake yi wa aski ya biyo shi da ƙyalle a wuya da rabin gemu.

Na zazzaga hoda a kan tayoyin. Mai da hoda suka haɗu suka zama wani farin kwaɓi mai ƙamshi. Anti ta danna. Firinta ta yi atishawa, ta tofo takarda ɗaya a karkace, a cukurkuɗe, tana ƙamshi kamar jaririn da aka yi wa wanka.

Mai rabin gemu ya ɗauka ya sunsuna. “Ko ba a ba ku kwangila ba, za a tuna da ku.”

Yallaɓai ya buɗe ƙofa, waya a kunne. “Minti biyar ɗin ba su cika ba?”

“Saura kaɗan, Yallaɓai. Muna gwaji.”

“Su waye waɗannan?”

“Masu sa ido ne.”

Allah ya taimake ni wanda yake kira ya ɗauka, ya koma ciki. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ta wuce.

Na tsaya na yi tunani irin na masana. Matsalar yanzu santsi ce. Maganin santsi kuwa danƙo. Na buɗe aljihun teburin Anti na ɗauko kwalbar gam da muke liƙe ambulan.

Anti ta riƙe min hannu. “Saura-Ɗaya, ka dubi girman Allah.”

“Anti, shafawa ɗaya. Kamar kwalli.”

Mai aski ya ce, “Ni dai ko a kan mutum ban taɓa haɗa mai da hoda da gam ba.”

“Shi ya sa har yau kake ƙasan bene.”

Na shafa. Anti ta rufe ido ta danna. To, a nan kam dole a yaba min, domin firinta ta ja takarda. Ta ja ta farko, ta farko ta jawo ta biyu, ta biyu ta gayyato danginta. Kusan guda ashirin suka shige lokaci ɗaya, suka nannaɗe a jikin taya kamar tabarma. Firinta ta yi wani kuka da ban taɓa jin na'ura ta yi ba, fitilunta duka suka hau ƙiftawa.

Tela ya cire hula. “Allah ya jiƙanta. Ta yi haƙuri da ku.”

“Gam ɗin ne bai bushe ba,” na ce. “Mai aski, ina injin busar da gashi?”

Mai aski da gudu ya sauka ya ɗauko, don shi ma yanzu yana son ganin ƙarshen fim. Na jona, na saita bakinsa cikin firinta, na murɗa har ƙarshe.

Ban san hodar da na zuba ta kai rabin gwangwani ba. Ta taso gaba ɗaya kamar hadari. Daidai lokacin Yallaɓai ya fito, ya sunkuyo yana cewa, “Wai me ake...” Bai ƙarasa ba. Iskar kuma ta kwashi zanen gine-ginen da ke kan tebur ta yi taga da su, tagar da na goge na bari a buɗe.

Da ƙurar ta lafa, sai ga Yallaɓai fari fat tun daga sanƙo har takalmi, ido biyu kawai ke motsi. Mai rabin gemu ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ma layin askin nake, ka biyo bayana.” Daga titi muka ji mutane suna ihu suna tsintar zane. Kafin ka ce me, matakala ta cika: mai sayar da katin waya, masu gadi biyu, da wata mata da ta zo karɓar ɗinki, kowa da takarda a hannu, kowa yana son sanin ko gobara ce.

Yallaɓai ya yi magana a hankali, irin maganar da ta fi tsawa ban tsoro. “Ƙarfe nawa?”

Anti ta ce, “Sha biyu da rabi.”

“Ajiye makullin ofis a kan tebur.”

“Yaya Babba...”

“A nan ba ni da ƙane.”

Ina laluben makulli sai muka ji ƙarar bokiti a matakala. Inna ce, mai share mana ofis, ta dawo daga asibiti inda ta kai ƙafarta. Shekararta tara a ofis ɗin, ta riga kowa zuwa ban da Yallaɓai. Ta ratsa taron, ta dubi ƙasa, ta dubi firinta, ta dubi Yallaɓai.

“Wa ya yi min wannan ɓarnar a inda na goge jiya?”

Yatsu goma sha wani abu suka nuno ni.

“Matsa, ɗan nan.”

“Inna, wannan ba aikin tsintsiya ba ne. Akwai wuta a ciki.”

Ta zare wayar daga bango. “Yanzu babu.”

Ta juya firintar, ta danna wani abu da babban yatsa, sai ga wata ƙofa a bayanta ta buɗe ɓalas. Ƙofa guda, ba noti ko ɗaya. Tela ya dube ni, ya dubi tulin notina, ya kama ciki yana dariya.

Inna ta warware takardun da suka nannaɗe, sannu a hankali. Ta sa Anti ta kawo ruwan ɗumi daga butar shayi, ta jiƙa tsumma mai tsabta da ɗan sabulu, ta matse shi sosai, ta hau goge tayoyin tana juya su da yatsa. Ta goge, ta ɗauraye, ta sake gogewa, har baƙin robar ya dawo.

“Tayar nan da kaushinta take kama takarda,” in ji ta. “Wane mara hankali ne zai sa mata mai?”

Yallaɓai ya ce, “Inna, a ina kika koyi wannan?”

“Duk zuwan mai gyara ba ni nake tsayawa in share bayansa ba? Abin da yake yi ke nan. Sai dai shi yana fara ɓata fuska tukuna.”

Ta zura yatsu biyu can ƙasa, ta ce, “Af, ga mai laifin.” Ta zaro guntun kwali kamar tafin hannu. Ta ɗaga shi sama tana ƙanƙance ido. A jikinsa akwai kunne ɗaya da gefen tabarau.

“Tabaran nan na Yallaɓai ne. Kunnen kuwa...” Ta juyo ta dube ni. “Juya kanka in gani.”

Na ce, “Inna, kunne ai duk iri ɗaya ne.”

Mai aski ya ce, “Ƙarya kake. Shekara biyu ina zagaye wannan kunnen da reza.”

Yallaɓai ya ce a bar maganar kunne, lokaci yana tafiya. Inna ta bar tayoyin suka sha iska, ta mayar da murfi. Ta ɗebi sababbin takardu kaɗan, ba tuli ba, ta lanƙwasa su ta kaɗa gefensu don su rabu da juna, ta buga su a tebur suka daidaita, ta sa a tire, ta matso da 'yan katangun gefe har suka taɓa takardar ba tare da sun matse ta ba. Ta jona wuta. Koriyar fitila ta kama.

Ƙarfe ɗaya da minti biyar. Firinta ta ja takarda ɗaya tak, lafiya lau, ta fara bugawa. Taro ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa, na ce, “Kun gani? Na riga na sassauta mata ita.”

Abin da ba a koya mana a wata goma sha huɗu ba shi ne, firinta ba ta mantuwa. Duk umarnin da aka ba ta tana jera shi a layi, wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. Ni kuwa na riga Anti da sau talatin.

Takardar ta fito a hankali. Da fari saman kujera, sai goshina, sai tabarau. Anti ta ɗauka ta karanta da ƙarfi, har da gyara tsayuwa:

“Babban Injiniyan Na'urori. Gyaran firinta, kwamfuta, fanka da jirgin sama in an kawo. Ma'aikata huɗu a ƙarƙashina. Idan ba ku same ni ba, ku bar saƙo wurin sakatariyata, ko wurin mai sanƙon nan na ɗakin ciki, yarona ne.”

Sai ta biyu ta fito. Sai ta uku. Tela ya zauna a ƙasa yana dukan daɓe don dariya. Matar da ta zo karɓar ɗinki ta ce a ba ta ɗaya ta kai wa mijinta. Mai aski ya ce zai liƙa tasa a jikin madubi.

Yallaɓai ya karɓi guda, ya karanta har ƙasa, hoda tana zuba daga girarsa. “Mai sanƙo,” ya ce. “Yaronka.”

“Yallaɓai, salon talla ne. Ba a ɗaukarsa a zahiri.”

Sai da guda tara suka fito kafin Anti ta gano inda ake soke layin, don dariya ta hana ta ganin allo. Daga nan takardun kwangila suka fara fita, ɗaya bayan ɗaya. Yallaɓai yana sa hannu, Anti tana tattarawa, Inna tana ƙara takarda kaɗan-kaɗan. Biyu saura minti ashirin da biyar aka liƙe ambulan da ragowar gam ɗina.

Motoci sun cushe a titi tun daga taga ana gani. Yallaɓai ya miƙo min ambulan. “Ƙafa dai ba ta da noti. In ta isa kafin biyu, gobe mu yi magana. In ba ta isa ba, ka wuce kawai, kada ka tsaya ko a gidan yayarka.”

Jama'a, na yi gudu. Na tsallake kwata, na ratsa kasuwa, na bar takalmi ɗaya a ƙarƙashin wata mota. Biyu saura minti uku na dire ambulan a gaban magatakarda, ya buga hatimi, ya ce, “Kai ne mai ƙamshin nan?”

Washegari ina tsaye gaban teburin Yallaɓai, makulli a hannu, ina jiran hukunci, sai waya ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya saurara, ya dube ni, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Magatakardan jiya ne.

“An karɓi takardunku, sun shiga layi. Sai dai mun ga shafi arba'in da uku maimakon arba'in da biyu. To, firintarmu kwana uku ke nan ba ta jan takarda. Ko Babban Injiniya yana kusa? In ba ya nan, a ba ni mai sanƙon.”

Yallaɓai ya matso da wayar bakinsa. Sannan ya ce, “Mai sanƙon ne. Injiniya yana nan tafe, tare da shugabarsa.”

Tun daga ranar aka ƙara wa Inna matsayi, duk na'urar ofis a hannunta take. Ni kuma ba a kore ni ba, an dai karɓe sukundireba, an mayar da ni ƙarƙashinta. In an kira mu gyara a ofisoshin unguwa, ita ce a gaba, ni a baya da bokiti da tsumma. In muka bi ta gaban shagon aski, inda hotona yake liƙe har yau, sai su miƙe su sara min.

Amma ga abin da ba wanda yake faɗa. Ranar da Inna ta mayar da murfin nan, noti takwas ta ɗaura. Ukun suna aljihuna, yanzu haka ina jin su. Firinta kuwa tana aiki ba ko tari. Wata shida ke nan tana tafiya da gyaran da na yi wa masu ƙera ta, kuma har yau ba wanda ya ce min sannu.